Yadda ake fentin ɓad-da-kama da tsufar da samfurin jirgin Hurricane

Bana samari uku na zauna da su a zauren gidanmu a nan Maradi, kowa da ƙaramin samfurin jirginsa na roba, kuma dukansu a wuri guda suka yi tuntuɓe. Harhaɗa robar bai ba su wuya ba, ni ma ba zan ɓata lokaci a kansa ba, wanda ya iya bin zanen cikin kwali ya iya. Sai an zo fenti, musamman sa wa jirgi kamannin tsufa, aikin sati biyu yake lalacewa cikin minti biyar.

Jirgin da zan yi misali da shi Hawker Hurricane ne, jirgin yaƙi na Ingila, a ma'aunin 1/72, wato an rage girmansa sau 72. Faɗin fukafukan na ainihi mita 12 ne da ɗoriya, samfurin kuwa bai wuce santimita 17 ba. Ina son jirgin nan don ya ratsa ta kusa da mu. Tun daga 1940 ake sauke irinsa cikin akwatuna a Takoradi, ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa, sannan su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Njamena, Khartum, har Masar inda ake yaƙin hamada. Rana da ƙurar da suka ci fentinsa mun san su sarai, kowace shekara muna shan su.

Launukan hamada uku ne: ruwan ƙasa mai duhu da ruwan rairayi a sama, shuɗi mai haske a ƙarƙashin cikin jirgin. A fentin kamfanin Humbrol lamba 29 ce, da 225, da 157. Samun su a nan ba sauƙi, sai an yi saƙo, kuma kuɗin kawowa kan fi na fentin. In kana da fentin ruwa na akirilik a hannu, haɗa launukan da kanka, ka gwada a bayan cokalin roba har su yi kusa da zanen kwali. Babu wanda zai zo da ma'auni ya tuhume ka.

Fara da wanke samfurin da ruwan sabulu, don maiƙon hannu yana hana fenti kamawa, ka shafa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, ka rufe gilashin matuƙi da salatif na takarda. Lokacin aiki da sassafe ne, bayan sallar asuba. Da rana ta ɗaga, a zafin watan huɗu ko bushewar hunturu, fenti a kan gashin buroshi yake bushewa tun bai kai jikin jirgi ba, sai ka ga layi-layi kamar an ja tsintsiya. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, ka kashe fanka, kuma ka ajiye kwali mai tsabta kusa, da ka gama shafi ka kife shi a kan jirgin. Ƙurar hunturu in ta zauna a ɗanyen fenti, ta zauna ke nan.

Fenti ya tsinke kamar madara. Shafi uku masu laushi, kowanne ya bushe kafin na gaba. Na farko zai yi muni, robar na leƙowa ta ƙarƙashi, kuma a nan ne masu koyo ke ruɗewa su lafta mai kauri ya cike duk ƴan layukan jikin jirgin. Ka bar shi da muninsa, na uku zai rufe.

Daga mai haske ake tafiya zuwa mai duhu: shuɗin ciki tukuna, sai ruwan rairayi a duk saman jirgin, sannan ruwan ƙasa. Don fitar da zanen, ɗauki takardar cikin kwali zuwa wurin masu fotokofi su faɗaɗa ta daidai girman samfurin, ka yanke sassan da za su zauna ruwan rairayi, ka kwafe su a kan salatif na takarda ka manna. Kafin ka manna, liƙa salatif ɗin a bayan hannunka sau biyu ya rage ƙarfi, in ba haka ba zai taso da fentin ƙasa. Buroshi kuma daga kan salatif yake tafiya zuwa waje. In ka tura shi ta wajen bakin, fenti zai kutsa ƙarƙashi. Ni a wannan ma'auni iyaka mai kaifi nake yi tsakanin launuka biyu, ba na yarda da mai dishi-dishi. A jirgi ɗan santimita 17, dishin da ido zai gani ya riga ya yi yawa.

In ya bushe, ƙara ɗigon fari a kowane launi, ka goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafa sama-sama a saman fukafukai da gadon bayan jirgi kawai. Nan rana ke duka. Dubi rufin tsohuwar motar haya a tasha ka kwatanta da ƙofofinta, za ka ga abin da nake nufi.

Yanzu ga inda samarin nan suka faɗi, inda ni ma na rasa Hurricane ɗina na farko. Ana so a zuba launi mai duhu, tsinkakke sosai, cikin layukan da ke raba faranti da faranti, don jirgin ya daina kama da abin wasan yara. Ni da fentin mai na yi wa nawa fenti, ya kwana ɗaya, na taɓa na ji a bushe. Sai na dama launin duhun da tina irin ta masu fentin ƙofa da mota, na shafa a fiffiken hagu. Kafin in ajiye buroshi fentin ya yamutse kamar kauɗar tumatir, da na sa auduga in goge sai ya biyo ta har robar ta bayyana, ita ma ta yi laushi. Dalilin a fili yake: abin da ke narkar da launin da ka zuba shi ne ke narkar da fentin da ke ƙarƙashi, tinar kasuwa kuwa har robar take ci.

Maganinsa abu uku ne, kada ka tsallake ko ɗaya. Na farko haƙuri. Fentin mai yana bushewa a sama alhali cikinsa ɗanye ne. Ba shi kwana biyu ko uku, ka kai shi hanci, in har yana warin fenti bai nuna ba. Na biyu, sa katanga tsakani: shafa ruwan sheƙi na akirilik, mara launi, a duk jikin jirgin, sau biyu, ya kwana. Shi ruwa ne asalinsa, narkakken fentin mai ba ya taɓa shi da wuri. A kan sheƙin nan ne kuma za ka manna tambura da lambobin jirgi, domin a fenti mai kaushi iska na maƙalewa ƙarƙashinsu su yi fari-fari a gefe. Bayan sun bushe ka sake rufe su da sheƙi. Na uku, abin damawa ya zama mai sanyi, wanda ake kira wayit-sifirit. Fetur da tina kada su kusanci teburinka.

Launin kuwa ruwan ƙasa mai duhu za ka ɗauka daga fentin mai na masu zane, kamar ƙwayar dawa, ka dama a murfin kwalba har ya zama kamar ruwan shayi. Baƙi wuluk ba ya dacewa da jirgin hamada, sai ya fito kamar an zana shi da biro. Ɗora bakin siririn buroshi a kan layi, za ka ga launin yana bin layin da kansa. Kada ka shafe jirgin gaba ɗaya. Jira minti goma zuwa sha biyar, sannan ka ɗauki audugar kunne mai ɗan danshin wayit-sifirit kaɗan, ka share abin da ya fita waje, daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi. Fara gwaji a ƙarƙashin fiffike inda ido ba ya kaiwa.

Ɓarewar fenti kuma tana da ƙa'ida da yawanci ba su sani ba. Jikin Hurricane daga bayan matuƙi har wutsiya yadi ne aka ja a kan ƙarafa da katako, haka ma sassan da ke motsi a fukafukai da wutsiya. Yadi ba ya ɓarewa ya nuna azurfa. Na sha ganin an barbaɗe wutsiyar da ɗigon azurfa, raina ya ɓaci. Inda ƙarfe zai leƙo shi ne gindin fiffike ta hagu inda matuƙi ke takawa ya hau, bakin murafen inji, murafen bindigogi da ake buɗewa kullum, da goshin fukafukai inda rairayi ke duka. Yagi ɗan soso, tsoma a azurfa, buga shi a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka ɗan taɓa. In ka ji kana son ƙarawa, tsaya nan.

Sai ka rufe duka da ruwan kashe sheƙi. Hayaƙin salansa da alli mai launi ake yi: kankare ruwan ƙasa mai duhu ka ja da busasshen buroshi daga salansa zuwa baya, ka ɗora toka-toka a tsakiya, don man jirgin akwai dalma a ciki, ita ke barin wannan farin. Ƙurar tayoyi da ƙarƙashin ciki ma da alli mai ruwan rairayi. Kada ka ɗebo yashin gulbi: ƙwaya mai rabin milimita, a ma'aunin 1/72, daidai take da dutse mai girman lemun tsami. Cire salatif ɗin gilashi a ƙarshe da tsinken sakace, ka saka jirgin cikin akwati mai murfi, don allin nan ba ya jure kakkaɓa.