Yadda ake bincike babbar lamba: misali da 360,360

Ɗalibai da yawa a Zariya, daga masu shirin WAEC har 'yan ajin farko a jami'ar da ke Samaru, suna ganin lamba mai alƙaluma shida sai su miƙa hannu ga kalkuleta. Ni ina ganin asara ce, domin lambar da kanta tana faɗa maka abin da ke cikinta. Ɗauki takarda ka rubuta 360,360.

Fara da ƙarshenta. Sifili ne, don haka cika ce ba mara ba, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Duba alƙaluma uku na ƙarshe: 360 shi ne 8 sau 45, to 8 ma ta shiga.

Sai ka tara alƙaluman: 3, 6, 0, 3, 6, 0 sun ba da 18. Tunda 9 tana raba 18, tana raba lambar gaba ɗaya, 3 ma haka.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi so a koya wa yara. Yanka lambar gida biyu, uku-uku, ka ɗebe ɗaya daga ɗaya. In abin da ya rage yana rabuwa da 7, ko 11, ko 13, to uwar lambar ma tana rabuwa da ita. Dalili kuwa, 7 sau 11 sau 13 shi ne 1,001, kuma wannan ɗebewar daidai take da cire ninkin 1,001 daga lambar. A nan 360 a ɗebe 360 saura sifili, ukun duk sun shiga lokaci guda. Hasali ma lambar tamu 360 ce sau 1,001.

Yanzu wargaza ta zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1: 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13. Daga nan ake ƙirga masu raba ta. Ƙara 1 a kan yawan fitowar kowace, sannan ka ninka: 4 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, wato lambobi 192 ne ke raba ta ba saura. Kuma ba wata lamba ce aka ninka da kanta ba, tunda da haka ne, da kowace ta fito bibbiyu.

Wanda ya zauna gaban malamin gado a cikin birni ya san wannan aikin: neman adadin da rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni za su fita a cikinsa ba gutsure. Gwada shi a nan. Rabi 180,180, sulusi 120,120, rubu'i 90,090. Waɗannan uku kaɗai sun kai 390,390, sun zarce lambar, shi ya sa masana lissafi ke sa ta cikin lambobi masu yalwa. Wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28, ita ake kira kammalalliya.

Lambar tamu 360,360 ita ce mafi ƙanƙantar lamba da 1 zuwa 15 duk ke raba ta. A kan 16 take tsayawa, saura 8. Sai an ninka ta biyu ta zama 720,720 kafin 16 ta shiga.