Kurakuran da aka fi yi wajen zuba gawayi a filin kiwo

Na gaji da ganin matasanmu na Mai Wurno da kewayen Sinnar a Sudan suna maimaita kuskuren da ya ci mini damina guda, wato kwasar gawayi daga ramin da aka ƙona shi a watsa shi kai tsaye a filin kiwo don gyara ƙasa. Gawayin karan dawa ko na itace cike yake da ƙananan ramuka masu shanye ruwa da abincin tsiro, saboda haka idan ya shiga ƙasa da yunwarsa, yakan fara riƙe ɗan naitirojin ɗin ƙasar, wato sinadarin abincin tsiro da ciyawa ke dogaro da shi. Ni da hannuna na baza shi haka a fili biyu, ciyawar ta fito rawaya, siririya, har shanu suka riƙa ratsa ta ba tare da sun sunkuya ba. Tun daga nan ba na fitar da gawayi sai na cuɗa shi da kashin shanu da ƙasar turke mai fitsari, na jiƙa, na rufe da tsofaffin buhuna a inuwa na tsawon mako huɗu, ina juyawa. Wanda ba shi da wannan haƙuri ya bar gawayinsa ga mai shayi.

Kuskure na biyu shi ne rashin duba ƙasa. Baƙar lakar Jazira da Gadarif, wadda ke tsagewa da rani, tana riƙe ruwa tun asali, kuma tana da kanwa-kanwa a jikinta, gawayi ma yawanci haka yake, to mene ne amfanin ƙara wa miya gishirin da ya riga ya ishe ta? Amfaninsa ya fi bayyana a jigawa irin ta Kurdufan, wadda Larabawa ke kira goz, inda ruwa ke zurarewa da sauri. Ni dai nakan gwada ɗan yanki, in bar na kusa da shi haka nan, in kwatanta bayan damina, domin gawayi ba ya fita daga ƙasa idan ya shiga.

Kada a haɗa shi da toka mai yawa. Kada a watsa garinsa a bushe lokacin habub, wato iska mai ƙarfi mai tayar da ƙura, a jiƙa shi a binne da fartanya sama-sama don kada a tumɓuke saiwar ciyawa. Kuma kada a sare dakwara mai ba mu ƙaro saboda gawayi, alhali ga itacen miskit mai ƙaya can ya cinye filaye a Kasala.