Yadda Ake Tono Rana Ɗaya Daga Shekaru Hamsin Baya

Idan kana son sanin yadda gari ya wayi ranar da aka haifi mahaifinka, ko ranar da aka ɗaura auren kakanninka, abin yana yiwuwa, kuma ba sai kai malamin tarihi ba ne. Sai dai aikin yana son ƙafafu biyu: takarda da bakin dattawa. Jarida za ta ba ka labarin manya da kwanan wata daidai, amma ba ruwanta da kuɗin daddawa. Gwaggo kuwa ta san kuɗin daddawa har da sunan mai sayarwa, shekarar ce kawai za ta iya zame mata. Ni dai hanyar da nake bi ke nan, zan kuma yi misali da ranar 1 ga Janairu 1973 a Kano, ranar da naira ta fito.

Fara da kafa ranar kanta. Kalandar wayarka tana komawa baya, ko ka nemi kalandar shekarar a intanet. 1 ga Janairu 1973 Litinin ce. Daga nan ka juya ta zuwa lissafin Hijira, domin tsofaffinmu da shi suke riƙe lokaci. Ranar ta faɗo ne a ƙarshen Zulƙida 1392, saura kusan mako biyu Babbar Sallah. Ka bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata. Wannan ɗan lissafin kaɗai ya riga ya buɗe maka gari: hunturu ne, ana jin ɗumi da safe, maniyyata suna ta tashi daga filin jirgin Kano, teloli sun fara kwana a shago, masu kiwon raguna suna jiran kasuwa.

Idan kuma ba ka da kwanan wata, sai dai "shekarar kaza", to ka nemi turakun da mutane ke ɗaure lokaci a jikinsu. Canjin hannu, wato lokacin da motoci suka koma bin dama, 2 ga Afrilu 1972 ne. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shiga hannun ma'aikata a farkon 1975. An kashe Janar Murtala ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980 ne. Amma ka yi hattara da "shekarar canjin kuɗi", don ba ɗaya ba ce: an canza takardun fam a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, an koma naira a 1973, sannan gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun a Afrilun 1984. Duk wanda ya ce maka canjin kuɗi, tambaye shi wanne, wa ke mulki.

Sai jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, New Nigerian kuma ranar 1 ga Janairu 1966 daga Kaduna, ga Daily Times ta Legas. Wuraren da ya kamata ka fara leƙawa su ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A Kano akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar Waziri Junaidu. Ka tafi da katin shaida, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton shafi da waya. Takardun sun tsufa, wasu kana juya su suna karyewa, don haka a hankali.

Kada ka tsaya kan jaridar ranar kawai. Jaridar Litinin labarin Lahadi take ɗauke da shi, abin da ya faru ran Litinin sai ka duba ta Talata da Laraba. Jaridar Gaskiya kuma ba kullum take fita ba, sai ka nemi fitowar da ta biyo baya. Shafin farko zai gaya maka abin da ka riga ka sani: Janar Yakubu Gowon ke mulki, jihohi 12 ne, Audu Baƙo ne gwamnan Kano, Ado Bayero na kan sarauta, Legas tana shirin wasannin Afirka da aka buɗe 7 ga watan. A waje, ranar ce Birtaniya da Ireland da Denmark suka shiga kasuwar tarayyar Turai, yaƙin Vietnam kuma bai ƙare ba. Ni a wurina daɗin yana shafukan ciki. Tallan keken Raleigh da rediyo da keken ɗinki, sanarwar neman ma'aikata wadda ke faɗin albashin shekara, jerin finafinan da gidajen silima za su nuna da dare, sakamakon ƙwallo, wasiƙun masu ƙorafin ruwan famfo da tsadar kaya. Nan ne za ka ji numfashin gari. Ka kwafe duk wani farashi da ka gani, tare da kwanan jaridar.

Batun kuɗi shi ne inda aka fi tuntuɓe, don haka bari in daɗe a kansa. Da naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule goma suka zama naira 1. Ke nan sule kwabo 10 ne, sisi kwabo 5, taro kwabo biyu da rabi. Jaka, wadda fam 100 ce, ta zama naira 200. Tarkon yana wajen kwabo: a tsohon kuɗi kwabo 12 ke yin sule, a sabo kuwa 10. To idan tsohuwa ta ce maka ƙosan kwabo ya ishi yaro karin kumallo, sai ka san wane kwabon take nufi. Kuma bakin mutane bai canza rana ɗaya ba. Shekaru bayan haka ana ciniki da "sule biyu da sisi" alhali kwabo 25 ake miƙawa, dillalan shanu kuma suna ta kiran fam. Saboda haka jin kalmar sule a labari bai isa hujjar cewa kafin 1973 abin ya faru ba. Idan danginka na Maraɗi ne ko Damagaram, lissafin daban ne ɗungurungum: dala a can tamma biyar ce ta sefa, jaka kuma dubu ɗaya.

Takardun da suka fito a 1973 su ne na kwabo 50, da naira 1, da 5, da 10. Takardar naira 20 mai hoton Murtala sai 1977. Wanda ya ce an biya sadakinsa da 'yar Murtala a shekarar da naira ta fito, to ya haɗa shekaru biyu wuri ɗaya, sai ka bi shi a hankali ku warware.

Abin da ba na so shi ne a tsaya kan "da araha, yanzu tsada". Gaskiya ne litar fetur ba ta kai kwabo 10 ba a lokacin, dalar Amurka kuma wajen kwabo 66 ce. Amma mutum nawa ne ke da motar da zai zuba wa fetur ɗin? Farashi ba ya magana sai an ajiye shi kusa da abin da mutum ke samu. Duk lokacin da ka samu kuɗin mudun gero, ka nemi ladan lebura na yini, ko albashin malamin firamare na wata, ka raba. Amsar da kake nema ita ce: yini nawa mutum zai yi aiki kafin ya sayi buhun dawa, wata nawa kafin ya mallaki keke. Ka kuma tambayi wane ma'auni ne, don mudun wani gari ba shi ne na wani ba, tiya ma haka. A misalinmu dole ka tuna da fari. Daminar 1972 ba ta yi kyau ba a arewacin Kano da Katsina da Nijar, ta 1973 ta fi muni, hatsi ya yi tsada, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa. Wanda ke ƙauye a lokacin ba zai kira shekarar mai araha ba.

Yanzu sai zama da dattawa. Ka je bayan la'asar, da ɗan goro ko abin da ka san suna so, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya. Kada ka ce, "Baba, nawa ne kuɗin shinkafa a 1973?" Zai ce maka ya manta, ko ya ba ka lambar da ta zo bakinsa. Ce masa, "Baba, ranar da kuka fara riƙe naira a hannu, ina kuke, me kuka saya?" Ga Hajiya kuma, "Inna, lokacin da kina amarya, nawa Malam ke bayarwa na cefane, me da me ake sayowa?" Na lura cewa waɗanda suka fi riƙe farashi su ne waɗanda suke yara a lokacin. A cikin birni matan aure ba sa zuwa kasuwa, yara ake aika, 'yan mata kuma ke talla. Yaron da aka taɓa zane shi saboda ya zubar da canjin sisi a hanyar kasuwar Kurmi ba zai manta kuɗin manja ba har ya tsufa. Ka tambayi abin da aka ci da dare, ko shinkafa ta kullum ce ko ta Sallah da biki, wa ke kawo ruwa, fitilar ƙwai ake kunnawa ko aci-balbal ko lantarki. Ka zauna da kowa shi kaɗai tukuna. In ka tara su tun farko, mai babbar murya ne zai cinye zancen, sauran su yi ta gyaɗa kai.

Ka roƙi a buɗe maka tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe. Rasit ɗin haraji, fasfon aikin hajji, katin asibiti, wasiƙar ɗan makarantar kwana yana neman a aiko masa da sule biyar, littafin bashin mai kanti, hatimin mai hoto a bayan hoto. Rasit ɗaya mai kwanan wata ya fi musun mutum goma.

Nishaɗi ya fi sauƙin tonowa, don kowa na son ba da labarinsa. Rediyo ce sarauniya: Rediyo Kaduna da gaishe-gaishen zaɓi-sonka, sai sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na Jamus. Muryar Amurka ba ta fara Hausa ba sai 1979, kada a saka maka ita cikin 1973. Talabijin baƙi da fari ce, a gidaje ƙalilan, yaran unguwa na leƙe ta taga. Silima kuwa akwai Rex da El Dorado wajen Sabon Gari, Plaza a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, Palace a cikin birni, fili ne ba rufi, sai dare ya yi ake nuna finafinan Indiya da na kaboyi. Tambayi kawunka ko yana zuwa, amma ba a gaban yayansa ba, don a lokacin yaron kirki ba ya yarda a ce an gan shi a ƙofar silima. Kada ka manta da dambe da kokawa, tunda bayan kaka ne, da wasan 'yan mata a dandali, da tatsuniya. A ƙwallo, Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar ƙasa ta 1972, samari suna da abin musu.

Wajen rubutawa, bi ranar daga kiran assalatu har a kashe fitila, ka sa kowane abu a sa'arsa. Ka nuna wanda ka samo a takarda da wanda ka ji a baki, in bakuna biyu sun saɓa ka rubuta duka biyun. Sannan ka kame hannunka daga abin da mutanen ranar ba su sani ba tukuna. Ranar 22 ga wannan watan jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Amma ranar 1 ga wata babu wanda ya san da haka, rakiya ake yi da addu'ar a dawo lafiya. In za ka ambace shi, ka ware masa wuri a ƙasa, ƙarƙashin abin da ya biyo baya.

In ka gama, karanta shi da murya ka tura wa dangi a WhatsApp, don da yawa daga cikin waɗanda suka ba ka labarin sun fi jin daɗin sauraro. Gyara zai yi ta zuwa, wani ya ce ba Plaza ba ce Orion ce, wata ta ce kuɗin cefanen ya fi haka. Ka rubuta kowane gyara da sunan mai shi da shekarunsa a lokacin, ka ajiye muryoyin a wuri biyu, ba a waya kaɗai ba.