Yadda ake fitar da ruwan sukari daga gasarar dawa da inzim mai jure zafi

Duk matar da ta taɓa dama kunun zaƙi, ko ta kwaɓa hilu-mur ana gab da azumi a nan Gadarif ta Sudan, ta san aikin tsiro. Ta kuma san halinsa: in aka zuba shi kunu na tafarfasa, an yi asara, dole sai ya ɗan huce. Abin da ke cikin tsiron shi ne inzim, wani sinadari da ke daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari, kuma zafi mai yawa kashe shi yake yi.

To, akwai bakteriya da nasu inzim ɗin bai damu da wuta ba. Ɗaya ita ce Bacillus licheniformis, wadda ke zaune cikin ƙasa, kuma daga gare ta kamfanin Novo na Denmak ya fitar da inzim mai suna Termamyl a 1973. Irinsa ake kira alfa-amilas, yana aiki a zafin digiri 90 har ya haura 100. Amfanin hakan a fili yake: sitacin dawa ba ya kumbura ya buɗe sai zafi ya kai wajen digiri 70, daidai inda tsiro ke fara galabaita.

Ki tanadi alfa-amilas mai jure zafi, da inzim na biyu mai suna gulukoamilas, da ma'aunin zafi, da takardar gwada tsami, da aidin na kemis, da lemon tsami. Ki tabbatar an rubuta a jikin inzim ɗin cewa na abinci ne, domin masaƙu ma suna amfani da irinsa wajen wanke sitaci daga yadi.

Da farko ki zaɓi farar dawa irin tabat. Jar dawa mai bauri tana ɗaure inzim, ta rage masa ƙarfi. A jiƙa, a markaɗa, a tace, a bar gasara ta kwanta, a tsiyaye ruwan, a sake wankewa. Kada ki bari ta kwana ta yi tsami. Nan mutane suka fi yin kuskure, don mun saba ganin gasara mai tsami ita ce mai daɗi, alhali wannan inzim ya fi son takardar gwaji ta nuna 6. In ta faɗi ƙasa, ɗan ruwan kanwa zai ɗago ta.

Sai ki dama kilo 1 na busasshen sitaci, wato gasarar bayan ta bushe, da lita 2 na ruwan sanyi, ki ɗiga inzim tun kafin ki ɗora a wuta. Abin da ake sawa kaɗan ne ƙwarai, bai fi mililita 1 ba, amma ki bi abin da ke jikin kwalbar.

Ɗora a wuta, ki riƙa juyawa ba tsayawa. Yana kai wa digiri 70 zai kama, ya yi nauyi kamar talge, muciya ta fara turjewa. Kada ki ƙara ruwa, ki ci gaba da juyawa. Cikin 'yan mintuna za ki ji hannunki ya yi sauƙi, abin da ya so zama tuwo ya tsinke ya koma kamar koko. Ki rage wuta ya tsaya tsakanin 90 da 95 na kusan awa 2. Masana'antu da tururi suke bugunsa a digiri 105 na minti 5 kafin wannan, amma tukunya ma tana yi.

Ɗebi cokali guda a faranti, ya huce, ki ɗiga aidin. In ya yi shuɗi mai duhu, da sauran sitaci, a ƙara lokaci. In ya tsaya ruwan ƙasa, an wuce wurin. Wanda kika gwada a zubar.

In kin ɗanɗana yanzu za ki ji zaƙin bai taka kara ya karya ba, don an daddatsa ne kawai, ba a ƙarasa ba. Sauke ya huce zuwa digiri 60, ki matsa lemon tsami har takarda ta nuna 4.5, sannan ki sa gulukoamilas. Shi daga naman gwari ake samunsa, ba ya jure tafasa. Rufe tukunyar, ki naɗe ta da bargo, ta kwana 2. Ki riƙa dubawa kina ɗumamawa, domin in zafi ya sauka ƙasa da 55, wasu ƙwayoyin za su shiga su mayar miki da shi tsami.

Daga nan a tafasa, a tace da ƙyalle mai laushi, a mayar kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kauri yana bin cokali. Gulukos ne kika samu, wani nau'in sukari. Zaƙinsa bai kai na sukarin rake na Kenana ba, kusan kashi uku cikin huɗu ne, amma yana hana alewa yin tsakuwa, yana kuma sa burodi ya daɗe da laushi. Mai ciwon sukari ya kiyaye shi, don yana shiga jini da sauri. A zuba a kwalba busasshiya tun da ɗuminsa, a toshe.