Yadda ake auna pH a fuskar elektrod yayin da lantarki ke gudana

Idan ka tsoma mitar pH ta gilashi, mai auna yawan asid, a ruwan gwajinka ta nuna 6.8, ba ƙarya ta yi ba, amma labarin tsakiyar ruwa take ba ka. A fuskar elektrod, wato ƙarfen da lantarki ke bi ya shiga ruwan ko ya fita, abin daban yake. Elektrod biyu ne, katod da anod. A katod ruwa yana karɓar elektron, iskar haidurojin ta tashi, OH⁻ ya taru a wurin, pH ya hau. A anod kuma oksijin ke fita, ya bar H⁺, pH ya sauka. Duk wannan a wani siririn sashe yake faruwa, manne da ƙarfen: kaurinsa 'yan ɗaruruwan maikiromita idan ruwan a kwance yake, kusan 12 kacal idan faifan elektrod yana juyawa sau 1600 a minti. Kan mitar gilashi kuwa ya kai milimita da dama, ina zai shiga?

Kada ka raina bambancin. A zafin digiri 25, kowane mataki ɗaya na pH yana daidai da milibolt 59 a boltej ɗin elektrod. Mai gwajin sarrafa CO₂ a ruwan potasiyom baikabonet (KHCO₃) mai ƙarfin 0.1 M, idan pH na fuskar katod ya haura da mataki uku shi kuma yana lissafi da 6.8 na tsakiyar ruwa, ya kauce da milibolt 177 ke nan. Sai ya yaba wa katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aikin, ko ya zarge shi kan abin da ba aikinsa ba.

Ni da ido nake farawa. Ɗiga rinin finolftalin kaɗan a ruwan da ba shi da bafa, wato sinadarin da ke hana pH sauyawa, ka kunna lantarki, ka duba. Launin hoda zai fara lulluɓe katod, siriri, sannan kumfar haidurojin ta riƙa jan sa sama zare-zare, sauran ruwan na nan garau. Launin yana bayyana ne daga pH 8.2 zuwa sama, saboda haka ba lamba zai ba ka ba. Zai dai nuna maka inda canjin yake da yadda kumfa ke dama shi, kuma wannan zai gaya maka inda ya kamata ka sa na'urar aunawa. Bayan haka ka zubar da ruwan, ka wanke elektrod, don rinin kan manne a fuskar ƙarfe.

Don samun lamba, hanyar da na fi yarda da ita ita ce faifai mai juyawa da zobe kewaye da shi, wato RRDE. Faifan ke yin aikin, juyawa ta kwaso ruwan da ya shafe shi ta watso shi kan zoben, zoben kuma shi ne mai auna pH. Albery da Calvo suka shimfiɗa lissafin wannan dabara a 1983. A yau galibi iridiyom oksaid ake shafa wa zoben, da haɗin da Yamanaka ya bayyana a 1989: gishirin iridiyom kulorayid, haidurojin feroksaid da asid na oksalik, a ɗaga pH zuwa 10.5 da potasiyom kabonet, a bar shi ya kwana biyu kafin a ɗora shi da lantarki. Idan za ka iya zaɓa, ɗauki zoben zinare. Filatinom yana jin haidurojin da ya narke a ruwa, kuma duk inda shafin ya bar kafa, karatunka zai karkata.

Da ka gama shafawa, bar zoben a jiƙe. Kada ya bushe. Sai ka daidaita shi, wato ka auna boltej ɗinsa a ruwa huɗu ko biyar masu sanannen pH, waɗanda suka rufe iyakar da kake tsammani, kuma a irin gishirin da za ka yi gwaji da shi. Kada ka ɗauka gangaren, wato canjin milibolt a kowane mataki na pH, zai zama 59. Iridiyom oksaid da aka ɗora daga ruwa yakan ba da 70 zuwa 80, kuma yana sauyawa da kwanaki. Daidaita kafin gwaji, ka sake bayan gwaji. Idan sakamakon daidaitawar biyu ya rabu sosai, bayanan tsakaninsu ba abin dogaro ba ne, komai kyansu a allo.

Ga inda aka fi yin asara. Zoben bambancin boltej yake karantawa tsakaninsa da elektrod ɗin ma'auni mai tsayayyen boltej, irin su na azurfa (Ag/AgCl). To, yayin da lantarki ke ratsa ruwa, shi kansa ruwan yana da turjiya, kuma wannan na haifar da faɗuwar boltej, abin da ake kira iR. Zoben ba ya bambance wannan da canjin pH. Abin haushin ma, a kusa da katod su biyun gefe ɗaya suke ja: iR yana sa karatu ya sauka, hauhawar pH ma haka. Milibolt 30 na iR kaɗai ya kusa rabin mataki, kuma zai fito maka daidai yadda kake fata, shi ya sa ba a cika tuhumarsa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Katse lantarkin faifan farat ɗaya, kana naɗar karatun zoben da sauri. Tsallen da ya faru nan take na iR ne. Komawar da ta biyo baya a hankali, ita ce ta pH. Cire na farko daga lissafinka. Kusanto da bakin elektrod ɗin ma'auni da ƙara gishirin da ba ya shiga aikin suna rage matsalar, amma ba sa hana ka yin gwajin katsewar.

Sannan ka tuna, pH na zobe ba na faifai ba ne, don ruwan ya ɗan gauraya kafin ya iso. Mayar da shi na faifai ya dogara da faɗin faifai, na zobe da ratar da ke tsakaninsu, kuma da yawan H⁺ da OH⁻ ake lissafin, ba da lambar pH kai tsaye ba. Idan akwai bafa, kamar fosfet ko baikabonet, dole su ma su shiga lissafin.

Idan elektrod ɗinka ba ya juyuwa, misali ƙarfen da kake duba tsatsarsa, sai SECM, dabarar da Allen Bard ya fito da ita a 1989: allura mai bakin maikiromita, ta antimoni ko mai shafin iridiyom oksaid, ana matso da ita a hankali. Wahalarta sanin tazara, ga allurar kanta tana tare hanyar sinadaran da kake aunawa. Masu na'urar Raman, mai gane sinadarai da hasken leza, kuwa, a ruwan baikabonet ba sa buƙatar sa komai: alamar baikabonet tana wajen 1016 cm⁻¹, ta kabonet wajen 1067, kuma rabon su biyun ke ba da pH, muddin yana kusa da 10.3.

Kowace hanya ka bi, rubuta lambar tare da tazara daga fuskar elektrod, yawan lantarki a kowace murabba'in santimita, saurin juyawa, zafi da ƙarfin bafa. Idan kumfa ta fara zama a kan zoben, karatu zai riƙa tsalle; ƙara saurin juyawa ko ka rage lantarki, ka maimaita wannan matakin.