Kurakuran da 'yan bulugiras ke tafkawa a kundin waƙoƙinsu na ƙashin kai

Kiɗan bulugiras na mutanen tsaunukan Afalashiya ne a Amurka, sunansa kuma ya fito daga ƙungiyar Bill Monroe, wato Blue Grass Boys, wadda ta shiga shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashbil a 1939. Kayan kiɗan ba su taka kara sun karya ba: banjo mai tsirkiya biyar, mandolin, jita, gogen Turawa da ƙaton bas da ake tsayarwa a ƙasa. Babu ganga, babu jitar lantarki. Don haka ƙungiyar da ta shiga sitidiyo da waƙoƙin da ta tsara da kanta ba ta da maɓoya, duk inda ta yi tuntuɓe kunne zai ji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu. Tun da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Monroe a ƙarshen 1945 da salonsa na kaɗa banjo da yatsu uku, kowane matashi burinsa ya nuna saurin hannu. A filin biki wannan na tayar da tsimin jama'a. A kundi kuwa, sai ka ji waƙa goma sha biyu duk suna tsere, mai rerawa yana haɗiye rabin kalmomi don kada a bar shi a baya. Alhali waƙar da ba a taɓa ji ba tana bukatar a ba mai sauraro sarari ya kama labarin. Gwajin mai sauƙi ne. Ku saka wa wanda ba makaɗi ba sau ɗaya, ku ce ya ba ku labarin abin da ya ji. In ya tsaya yana sosa ƙeya, ku sassauta. Sannan ku duba sautin da kuke ɗora waƙoƙin a kai: banjo a kan G ake ɗaure shi, shi ya sa ake wayar gari rabin kundi na kan G. Ku bi muryar mai waƙa, ku ɗaura kafo, wato matsewar da ake maƙala wa wuyan jita ko banjo don ɗaga sauti, inda muryar ta fi zaƙi, ba inda yatsun mai banjo suka saba ba.

Na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato aron rayuwar wasu. Yaron da ya tashi a birni, bai taɓa leƙa ramin kwal ba, sai ya cika baitocinsa da bukkar katako a gindin dutse da kukan jirgin ƙasa da tsakar dare. Kayan aro ne, kuma ba sa rufe katara. Magabatan da ake kwaikwayo abin da suka sani suka rera. Monroe ya yi wa kawunsa mai goge waƙa domin a hannunsa ya zauna bayan rasuwar iyayensa. Hazel Dickens 'yar gidan mahaƙa kwal ce a Yammacin Bajiniya, ciwon huhun da ƙurar kwal ke jawowa ya kashe ɗan'uwanta, shi ya sa waƙoƙinta na mahaƙa ke ratsa jiki. In abin da ka sani shi ne kuɗin haya da tsohuwar motar da ke mutuwa a hanya, to shi za ka rera. Karin ya zama na gargajiya, labarin ya zama naka.

A kan kari ma akwai rami. Yawancin waɗannan waƙoƙi a kan haɗin sauti uku suke tafiya, saboda haka abu ne mai sauƙi mutum ya ɗauko tsohon kari ya zaci nasa ne. Kafin a naɗa, a rera wa dattijan makaɗa, su ne za su ce wannan ai mun san shi. In na gargajiya ne a rubuta haka a bangon kundi. In kuma yana da mai shi a nemi izini, domin a Amurka tsohuwar waƙar da aka wallafa kan iya kai shekara 95 kafin ta zama ta kowa. Haka nan rabon haƙƙin mallaka tsakaninku: wa ya kawo baiti, wa ya kawo amshi, a rubuta a sa hannu tun ana dariya, a yi rajista da BMI ko ASCAP, ƙungiyoyin da ke karɓo wa masu waƙa kuɗin haƙƙinsu a Amurka.

Sai zaman naɗa. Injiniyan da ya saba da kiɗan zamani zai so ya raba ku ɗaki-ɗaki, kowa ya naɗi nasa yana bin ƙararrawar kwamfuta. Sauti zai fita tas, amma babu rai. A wannan kiɗa bas ke buga ƙafa, mandolin ya amsa masa da sara a tsakani, su biyun ne gangar, kuma sai suna ganin juna suke daidaita. Tsohuwar dabara ita ce makirufo ɗaya a tsakiya. Mai goge ya matso ya yi nasa, ya ja da baya, mai mandolin ya sunkuyo ta ƙarƙashin wuyan jita, in amshi ya zo kawuna uku su haɗu kamar masu raɗa. Sharaɗin dai shi ne a sha atisaye, don in ɗaya ya kauce kowa zai sake. Mai banjo kuma a matsar da shi baya. Duk wanda ya san gurmi ko molo zai gane dalili: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera banjo a kan tsarin irin waɗannan, fuska ce a ɗaure kamar ta ganga, ƙararsa na kutsawa cikin makirufon kowa.

Kada a sa sababbin tsirkiyoyi da safiyar naɗa, za su yi ta saki. A sa su kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Kada kuma a zuba duk abin da aka naɗa. In kuna da niyyar buga faifan garmaho, kowace fuska minti 22 ko kusa da haka take ɗauka. Ku jera waƙoƙin da wannan lissafi, mai sanyi ta bi mai zafi, ita kuwa doguwar ta kiɗa zalla da mai banjo ke mutuwar so, a ajiye masa ita a fuska ta biyu.