Kada ku tsiyaye ruwan ƙanƙarar da ke cikin kula

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu ajiye kaya a kula. Wasu da sun ga ƙanƙara ta fara narkewa sai su zubar da ruwan, wai sanyi ya ƙare. Kuskure ne.

Muddin akwai sauran ƙanƙara a ciki, ruwan nan yana tsaye a digiri 0 na ma'aunin Salsiyas. Duk zafin da ya shigo, ƙanƙarar ce ke shanye shi wajen narkewa. Shi ya sa masana ke kiran sa ɓoyayyen zafi, yana shiga amma ma'auni ba ya nunawa. Kuma ba kaɗan ba ne fa: giram ɗaya na ƙanƙara sai ya sha jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya zama ruwa, zafin da zai kai ruwan daga digiri 0 zuwa kusan 80!

To ku bar ruwan, ya fi iska riƙe sanyi. Abin da ba ya son jiƙa ku ƙulle shi a leda. Ni dai na fi son ƙaton dunƙule ɗaya a kan ƙananan, ya fi jinkirin narkewa. Kuma a rage buɗe murfin.